Kocin Jami'a a Amurka: Malami ne ko Ɗan Kwangilar Nasara?

A ƙarshen watan Nuwamba na 2004, Jami'ar Notre Dame ta sallami babban kocin ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafar Amurka, Tyrone Willingham, bayan kaka uku kacal. Daraktan wasannin jami'ar bai yi wa 'yan jarida rufa-rufa ba. Ya ce daga Lahadi zuwa Juma'a ƙungiyar ta yi fiye da abin da aka zata, wato yara suna shiga aji, suna cin jarrabawa, ba a jin sunansu cikin rigima. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar Asabar, ranar da ake buga wasa. Tarbiyyar kwana shida ta kasa rinjayar awa uku na fili, aka ba mutumin takardarsa. Tun kafin wannan rana, har zuwa yau, Amurkawa suna jayayya a kan tambaya ɗaya: shin me aka ɗauki babban kocin jami'a ya yi?

Wasan da ake magana a kai ya bambanta da wanda muke kallo a Firimiya. Ƙwallon mai tsini biyu ce, ana runguma a gudu da ita, ana jefawa, ana karo jiki da jiki, kowa da hular kwano da kariyar kafaɗa. 'Yan wasan kuma ɗalibai ne, akasarinsu tsakanin shekara 18 da 23. Sai dai kalmar ɗalibai kada ta ruɗi mai karatu. Filin Jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000. Rukunin jami'o'in da ake kira Big Ten ya sayar da damar nuna wasanninsa a talabijin kan kusan dala biliyan 7 na shekara bakwai, daga 2023. A jihohi da yawa babu ma'aikacin gwamnatin da ya kai koci albashi, ko gwamna ko shugaban jami'a. Kirby Smart na Jami'ar Jojiya ya sa hannu a 2024 kan dala miliyan 13 a shekara.

Mutumin da ake ba wannan kuɗi, tsara dabarun wasa ƙaramin sashe ne na aikinsa. Yana da mataimaki mai kula da 'yan gaba masu kai hari, da wani mai kula da masu tsaron baya, kuma su ne sau da yawa ke kiran dabarar da za a buga. Shi babba shi ke ɗaukarsu, shi ke korarsu. A ƙarƙashinsa akwai masu gina ƙarfin jiki, masu nazarin bidiyo, masu farauto yara daga sakandare, da 'yan wasa sama da ɗari. Shi ke zama da attajiran tsofaffin ɗalibai masu zuba kuɗi, shi ke fuskantar 'yan jarida. Shi ke yanke wanda zai shiga fili da wanda zai zauna a benci, wanda za a yafe wa laifi da wanda za a kora. Kuma shi ke shiga falon iyaye ya nemi a ba shi yaro.

Daga wannan falo ne masu cewa koci malami ne suke kafa hujjarsu. Suka ce mutumin da ya zauna gaban uwa, ya ci abincin gidanta, ya yi mata alkawarin zai kula da ɗanta ɗan shekara 17 ya kuma ga ya samu digiri, ya karɓi amana, ko kwantiraginsa ya ambace ta ko bai ambata ba. Lissafi ma yana tare da su. Alƙaluman hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, sun nuna cewa ƙasa da kashi 2 cikin 100 na masu buga wannan ƙwallo a jami'a ne ake zaɓa zuwa gasar ƙwararru ta NFL. Sauran duk za su ajiye hular kwano su shiga neman abinci kamar kowa, wasu da gwiwar da ta lalace. In koci bai damu da karatunsu ba, to ya ci moriyar ganga ya yar da kwaurenta, kuma hakan ya shafi kusan duk yaran da suka ratsa ta hannunsa.

Suna da mutanen da suke nunawa da yatsa. Eddie Robinson ya riƙe ƙungiyar Grambling, jami'ar baƙaƙen fata a jihar Louisiana, daga 1941 zuwa 1997, ya ci wasa 408. A shekarun farko shi ke zana layukan fili da kansa, saboda babu ma'aikata. An san shi da zagaya ɗakunan kwanan yara da sassafe yana kaɗa ƙararrawa don su tashi su tafi aji. Sama da ɗalibansa 200 sun shiga ƙwallon ƙwararru, cikinsu har da Doug Williams, baƙar fata na farko da ya ja ragamar ƙungiya a matsayin mai jefa ƙwallo ta lashe Super Bowl, kofin gasar NFL, a 1988. Masu wannan ra'ayi suka ce ga shaida cewa tarbiyya da nasara suna iya zama inuwa ɗaya. Suka ƙara da cewa ita kanta NCAA asalinta kare rayukan ɗalibai ne: bayan mace-macen da aka yi a filayen wasa a 1905, shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i fadarsa, kuma a 1906 aka kafa ƙungiyar da ta zama NCAA daga baya.

Ɗaya ɓangaren ba ya musun nagartar Robinson. Abin da yake cewa shi ne a duba wa ake kora, kuma don me. Gene Chizik ya ci kofin ƙasa da Jami'ar Auburn a kakar 2010, aka sallame shi a 2012 bayan kaka ɗaya mai muni. Ed Orgeron ya ci duk wasanninsa 15 da Jami'ar LSU a kakar 2019, kafin ƙarshen 2021 an raba gari. Jami'ar Texas A&M ta kori Jimbo Fisher a watan Nuwamba na 2023, kwana ɗaya bayan ƙungiyarsa ta ci wasa da rata mai yawa, ta kuma yarda ta biya shi sama da dala miliyan 75 don kawai ya tafi. Suka ce babu jami'ar da za ta biya irin wannan kuɗi don ta rabu da malami. An ɗauki koci ne ya ci wasa, da wannan ma'auni ake auna shi, kuma rashin adalci ne a ɗora masa nauyin da ba a ba shi lada a kai ba, ba a kuma ƙyale shi ya rayu da shi ba.

Suna da wata hujjar da ba za a raina ba. Nasarar ƙwallo ce ke ciyar da sauran wasanni a manyan jami'o'i, irin su ninƙaya da guje-guje da wasannin mata, waɗanda ba sa kawo kuɗi. Nick Saban ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Alabama a 2007, ya ci kofin ƙasa shida da ita kafin ya yi ritaya a Janairun 2024, ban da wanda ya ci da LSU a 2003. A tsawon wannan lokaci ɗaliban jami'ar sun tashi daga kusan 25,000 zuwa sama da 38,000, da yawansu daga wasu jihohi, masu biyan kuɗin makaranta mai tsada. Ba a ce ƙwallo kaɗai ta jawo su ba, amma shugabannin jami'ar da kansu sun sha danganta bunƙasar da shi. A ganin wannan ɓangare, kocin da ya ci wasa ya yi wa jami'a hidimar da ba wanda zai iya yi mata, kuma karatun yara aikin malaman aji ne da masu ba da shawara da jami'a ta ɗauka don haka.

Inda hujjarsu ta fi kaifi shi ne wajen tona asirin maganar uba da 'ya'ya. Shekara da shekaru, ɗan wasan da ya so sauya jami'a sai ya zauna kaka guda ba ya buga wasa, an ce don a koya masa riƙon alkawari. Shi kuwa koci ƙofa a buɗe take. A ƙarshen 2021 Brian Kelly ya bar Notre Dame ya koma LSU kan kwantiragin dala miliyan 95 na shekara 10, alhali ƙungiyarsa tana jiran ta ji ko za a saka ta cikin masu neman kofin ƙasa. Daga 1973 har zuwa wajen 2012, tallafin karatun ɗan wasa na shekara ɗaya ne, koci ke sabuntawa ko ya ƙi. Dokar NCAA ta ce kada a wuce awa 20 a mako ana atisaye, amma binciken da hukumar ta yi da kanta ya nuna 'yan wasan manyan jami'o'i suna kashe sama da awa 40 a harkar ƙwallo lokacin kaka. A Jami'ar North Carolina, rahoton 2014 ya gano cewa tsawon shekara 18 ana da darussan bogi da ba a shiga aji, ɗalibai kusan 3,100 suka ratsa ta cikinsu, kusan rabinsu 'yan wasa ne. Masu wannan ra'ayi suka ce gara a kira abu da sunansa. In aiki ne a ce aiki ne, a biya yaro, a ba shi 'yancin tafiya, a daina lulluɓe cin gumi da rigar tarbiyya.

Zamani ya bi bayansu. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai tara baki ɗaya, ta yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston. Daga 1 ga Yuli na wannan shekara aka ba 'yan wasa damar karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu a tallace-tallace. An cire dokar zaman kaka guda. A Yunin 2025 wata alƙaliya a California ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Kocin yau yana tattauna farashi da wakilan yara, yana sake lallashin waɗanda ke hannunsa kowace shekara kada su tafi. Ni ina ganin wannan sauyi alheri ne, domin yaron da zai iya tafiya ba a taka shi yadda aka ga dama.

To amma a nan nake rabuwa da ɓangarorin biyu. Masu cewa koci ɗan kwangila ne sun faɗi gaskiyar yadda abu yake, sai suka zame wajen abin da ya kamata ya biyo baya. Masu cewa malami ne sun gane nauyin da ke kansa, amma sun amince masa fiye da yadda ya dace a amince wa kowane mutum. Labarin Joe Paterno ya isa ya sa su sake tunani.

Babu kocin da ya kai Paterno cika siffar malami a idon Amurkawa. Ya riƙe ƙungiyar Jami'ar Penn State daga 1966 zuwa 2011, ya ci wasa 409. Yaransa suna kammala karatu fiye da na akasarin takwarorinsa. Shi da matarsa sun ba jami'ar miliyoyin daloli, har wani sashe na ɗakin karatunta yana ɗauke da sunansu. A 2001 wani ƙaramin mataimaki ya zo ya gaya masa ya ga Jerry Sandusky, tsohon mataimakinsa da ya yi ritaya a 1999, da wani ƙaramin yaro a wurin wanka na ginin ƙungiyar, cikin yanayin da bai dace ba. Paterno ya kai maganar ga daraktan wasanni. Ba a kai ta ga 'yan sanda ba. Sai bayan shekara goma aka kama Sandusky, kuma a Yunin 2012 kotu ta same shi da laifuka 45 na lalata da yara. An kori Paterno a Nuwamban 2011, ɗalibai suka fito titi suna bore don goyon bayansa, ya rasu a Janairun 2012. Binciken da Louis Freeh, tsohon shugaban FBI, ya jagoranta ya ce Paterno da wasu manyan jami'ai uku sun ɓoye abin da suka sani. Iyalinsa sun ƙaryata wannan, suna cewa ya bi ƙa'idar da ke akwai, ya sanar da na sama da shi.

Wannan kariya ta iyalinsa ita ce zuciyar muhawarar. A takarda, daraktan wasanni yana sama da Paterno. A zahiri kowa a garin ya san babu wanda ya kai shi ƙarfin faɗa a ji. In ɗan kwangila ne, ya sauke nauyi: ya kai rahoto, ya koma atisaye. In malami ne, ya gaza gazawa mai ciwo, domin kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya kare yaran da aka cuta bayan 2001. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cewa girmansa na uba ne ya sa aka daina yi masa tambaya. An yarda cewa duk abin da ke faruwa a ginin ƙwallo yana hannun mutumin kirki, don haka ba wanda ya leƙa. Jami'ar da ta mayar da kocinta waliyyi ta rufe wa kanta ido.

Masu cewa ɗan kwangila ne kuwa sai su tsaya a kan Jordan McNair. Ɗan shekara 19 ne a Jami'ar Maryland. Ranar 29 ga Mayu, 2018, yana cikin gudun atisaye zafi ya buge shi. Ba a auna zafin jikinsa ba, ba a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara ba, wanda shi ne maganin farko da kowane mai kula da lafiyar 'yan wasa ya sani, kuma an ɓata sama da awa guda kafin a kira motar asibiti. Ya rasu ranar 13 ga Yuni. Shugaban jami'ar ya fito ya ce sun ɗauki alhakin kura-kuran da aka yi. Kwamitin da ya binciki ƙungiyar ya gano cewa yara suna tsoron buɗe baki, kuma mai gina ƙarfin jiki yana wulaƙanta su ba tare da an tsawata masa ba. Babban kocin, DJ Durkin, ba likita ba ne, kuma ba shi ne ya hana ruwan ƙanƙara ba. Amma shi ya kawo mai gina ƙarfin jikin, a ƙarƙashinsa kuma aka gina yanayin da yaro ke jin kunyar cewa ya gaji. Manajan kamfanin sayar da kaya ba ya riƙe da jikin ma'aikatansa haka. Wannan wasa ne da ake buga kai da kai: a binciken Jami'ar Boston na 2017, cikin ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasan jami'a 53 da iyalansu suka bayar bayan rasuwarsu, an samu cutar da yawan bugun kai ke jawowa a 48. Waɗanda aka bayar ɗin dama ana zargin suna da matsala, don haka adadin ba ya wakiltar kowa, amma ya isa ya nuna abin da koci ke wasa da shi idan ya ce wa yaro ya koma fili.

Saboda haka ni a ganina nauyin koci yana bin ikonsa ne, ba sunan da aka laƙaba masa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda aka ba ikon ɗaukar ma'aikata ɗari, da ikon tsara awa 40 na makon saurayi, da ikon ɗaga shi ko danne shi a gaban masu zaɓen NFL, ba zai ce bai san abin da ke faruwa a gidansa ba. NCAA ta doshi nan: dokarta ta ɗora wa babban koci alhakin laifin ma'aikatansa, kuma daga 2023 ta ƙara tsananta ta. Shi ma rukunin Big Ten ya dakatar da Jim Harbaugh na Michigan wasa uku a Nuwamban 2023 kan wani ma'aikacinsa da ke leƙen asirin alamun da abokan hamayya ke kiran dabarunsu da su, duk da cewa Harbaugh ya ce bai sani ba. Akwai masu ganin zalunci ne a hukunta mutum kan abin da ba a tabbatar ya sani ba, kuma damuwarsu tana da tushe, domin ba mai iya sa ido a kan kowa dare da rana. Amma in aka ce rashin sani kariya ce, an koya wa kowane koci ya riƙa kau da kai da gangan, ya ɗauki mutanen da za su yi ƙazamin aikin ba tare da sun gaya masa ba.

Kuma don nauyin ya yi yawa ne nake ganin dole a zare wasu abubuwa daga hannunsa gaba ɗaya, ko da shi mutumin kirki ne. A 2016 manyan rukunonin jami'o'i suka kafa dokar cewa likita da masu kula da lafiya su ke da maganar ƙarshe kan ko yaro zai koma wasa, koci ba shi da ta cewa. McNair ya rasu shekara biyu bayan wannan doka, abin da ke nuna rubutu kaɗai ba ya wadatarwa muddin mai kula da lafiyar yana tsoron koci zai iya sa a kore shi. Haka zargin fyaɗe ko cin zarafi: bai kamata ya tsaya a teburin wanda ke buƙatar wanda ake zargin ranar Asabar ba. Jami'ar Baylor ta kori Art Briles a 2016 bayan bincike ya nuna yadda aka yi sakaci da irin waɗannan koke-koke. Abin da ya rage a wuyan koci bayan an zare waɗannan ba kaɗan ba ne: ya faɗa wa iyaye gaskiya a falonsu, har da yiwuwar shi kansa ya tafi, ya bar wa yaro lokacin karatun da ya zaɓa, ba wanda ya fi sauƙin ci ba, ya kori mataimakin da ke wulaƙanta yara ko da yana kawo nasara, ya ɗaga waya ya kira hukuma ranar da ya ji abin da Paterno ya ji.

Laifin ba na kociyoyi kaɗai ba ne, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Shugabannin jami'o'i ne ke rubuta kwantiragin da ladan cin kofi ya ninka ladan kyawun sakamakon jarrabawa sau da yawa, su ne kuma ke tsara sharuɗɗan sallama ta yadda sakaci da lafiyar yara ba ya shiga cikin laifukan da ke hana mutum kuɗinsa. A Maryland, majalisar gudanarwar jami'o'in jihar ta ba da shawarar a mayar da Durkin bakin aiki ranar 30 ga Oktoba, 2018. Sai da 'yan wasa suka fice daga taron da ya kira, ɗalibai da 'yan siyasa suka yi ca, sannan shugaban jami'ar ya sallame shi washegari. Da yake ba a rubuta sallamar a matsayin ta laifi ba, an biya shi ragowar kwantiraginsa, sama da dala miliyan 5. Iyayen Jordan McNair sun yi sulhu da jami'ar a 2021 kan dala miliyan 3.5.